Ko ƙarar saƙon oga na ji sai gabana ya faɗi, anya lafiyata ƙalau kuwa?

Baban_Ummi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsayin rubutun, abin ne ya daɗe yana cina a rai kuma na rasa wanda zan faɗawa ba tare da ya ce min "kai da ka samu aikin ma kake ƙorafi" ba.

Ina aiki a wani banki nan Kano ɓangaren maketin, shekara shida kenan kuma har yau a kwantiragi nake. Wanda ya san aikin ya san zancen taget, kowane wata sai an ɗora maka yawan akawun da za ka buɗe da kuɗin da za ka jawo, in ka cika a ce da kyau a ƙara maka wani, in baka cika ba ranar Litinin a mitin a kira sunanka gaban kowa har da yaran da suka zo jiya. Bakwai da rabi ina ofis, ban cika fita ba sai bayan magariba wani lokacin har isha'i, Asabar ma sau da yawa ana kiranmu, ga guruf ɗin WhatsApp da oga zai iya jefo saƙo sha ɗayan dare yana tambayar lissafin ranar.

Da wallahi ina iya ɗauka. Ko lokacin canjin kuɗi farkon 2023 da mutane suka dinga cika ƙofar banki ana zaginmu kamar mu muka ɓoye kuɗin, na jure. Amma kusan wata takwas yanzu na zama wani iri. Waya in ta yi ƙara tun kafin in duba waye sai in ji gabana ya yanke ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe. Ƙarfe ukun dare idona zai buɗe tar, ba fitsari ba ba komai ba, in kama lissafin akawun har a kira assalatu. Mantuwa kuwa kar a tona, rannan na zauna gaban kwamfuta na nemi fasuwod ɗin da nake sawa kullum na rasa, wani lokacin kwastoma yana min bayani ina kallon bakinsa amma ba abin da ke shiga.

Wanda yafi tsorata ni shi ne na daina jin tausayin kowa. Wata tsohuwa ta zo an cire mata kuɗin fansho a ATM kuɗi bai fito ba tana hawaye, da ni ne mai zaunar da ita in bi mata har a gyara ko da ba teburina ba ne, wannan karon a zuciyata cewa nake baba ki tafi ki bani waje. Na koma gida 'yata Ummi ta taho da gudu ta rungume ƙafata na daka mata tsawa, yarinya bata yi komai ba.

Sau uku ina zuwa gwaji, kullum maleriya da taifod, na sha allura na sha ƙwayoyi, kwana biyu in ji dama-dama sai a koma gidan jiya. Nescafe kofi uku nake sha a rana, da yamma in ƙara da lemon ƙara kuzari don in iya ƙarasa rahoto. Hajiyarmu ta ce kambun baka ne, wani abokin aikina ya ce lalaci ne kawai ya kama ni. To ni dai tambayata, akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan? Ciwo ne, ko ƙwaƙwalwata ce ta fara taɓuwa, ko kuwa da gaske ragon ne ni?

Abu_Hanifa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya baka lafiya. Ka fara cire maganar ragwanta a ranka, rago ba ya shekara shida yana fita bakwai na safe.

Ka riƙe addu'ar nan da Manzon Allah (SAW) yake yawan yi, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, har ƙarshenta inda ake neman tsari daga nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ka duba da kyau, damuwa da danniyar masu iko a kanka duk suna ciki, wato ba yau aka fara ba. Sannan ka tuna abin da Salmanul Farisi ya faɗa wa Abud Darda'i da ya ga ya hana kansa barci da abinci saboda ibada, cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, kuma Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. In ibada ma an hana mutum ya kashe kansa a kanta ina ga taget ɗin banki.

Azkar ɗin safe da yamma kar ka bari, hakan zai kwantar wa Hajiya da hankali ma. Amma ka je asibiti na gaske ka ga likita, ba wajen gwajin bakin titi ba.

Anti_Nas:

Baban Ummi sannu, Allah ya yaye. Ni nas ce, shekarata sha ɗaya a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin lokacin korona da aka barmu mu uku a wod ɗin da ya kamata a ce mu takwas ne, to ba daga littafi kaɗai nake magana ba. Ba zan ce maka ga ciwonka ba don ba a duba mara lafiya ta waya, amma abin da ka lissafo yayi kama sosai da abin da Turawa ke cewa banawut, wato fitila mai ya ƙare ta koma cin lagwani. Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka mai suna Herbert Freudenberger ne ya yayata kalmar a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta suke zuwa da zafinsu daga baya su zama kamar an zare musu laka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayaninsa a kundinta, bata kira shi cuta ba, ta ce matsala ce da wajen aiki ke haifarwa, ta kuma bashi alama uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe game da aikin, sannan ingancin aikin mutum ya ragu. Koma ka karanta abin da ka rubuta, duka ukun suna nan, tsohuwa mai fansho ita ce ta biyun.

Bari in maka bayanin abin da ke faruwa a kanka don ni ranar da na gane shi na daina zagin kaina.

Can cikin ƙwaƙwalwa ta wajen saitin kunne akwai wani ɗan abu guda biyu, dama da hagu, kusan girman ƙwallon dabino, sunansa amigdala. Ka ɗauke shi maigadi. Shi baya jiran ka yi tunani, in ka ga igiya a duhu ka daka tsalle kafin ka gane ba maciji ba ne to aikinsa ne. Da ya hango haɗari sai ya busa usur, cikin daƙiƙoƙi wasu 'yan halittu da ke zaune a saman ƙoda su sako wani sinadari mai suna adirenalin, zuciya ta kama gudu, hannu yayi gumi, narkar da abinci ta tsaya, shi yasa mai fargaba yake jin cikinsa ya ɗaure. Bayan shi sai wani sinadarin mai suna kotizol ya biyo, shi yana ɗaukar kamar minti ashirin zuwa talatin kafin ya kai ƙololuwa, aikinsa ya zuba suga cikin jini don ka samu ƙarfin gudu ko faɗa. Duk wannan rahama ce, an yi shi ne don ranar da ka yi karo da kura ko mota ta taho kanka, abin minti biyar ne ko ka tsira ko akasin haka, daga nan jiki ya koma daidai.

Matsalar ita ce maigadin nan bai san bambancin kura da oga ba, kuma yana da saurin haddace abu. Sau ɗari waya tana ƙara zagi na biyo baya, to shi yanzu ya rubuta a littafinsa cewa wannan ƙarar kura ce, ko matarka ce ta turo a taho da burodi sai ya busa usur. Kura tana tafiya, guruf ɗin ofis kuwa yana aljihunka har kan gado. Kamar ƙaramin janareta ne da aka saya don in an ɗauke wuta a kunna na awa biyu, kai kuma wata takwas kenan baka kashe shi ba ko juyen baƙin mai ba a yi.

Shi kuma maigidan yana bayan goshinka, ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa. Shi ke tsara aiki, shi ke riƙe maka lamba a ka kafin ka rubuta, shi ke kama bakinka in za ka faɗi abin da za ka yi nadama. Wata farfesa a jami'ar Yale, Amy Arnsten, ta daɗe tana nuna cewa wannan ɓangaren shi ne yafi saurin raunana in matsi ya zo, musamman matsin da mutum yake jin ba shi da iko a kai. To in maigida yayi laushi maigadi ne ke mulkin gida. Fasuwod ɗin da ya ɓace maka da tsawar da Ummi ta sha duk daga nan suke, ba hauka ba ne ba kuma mugun hali ba. Bushewar zuciyar ma yadda na fahimce ta rage lodi ne, kamar in janareta ya fara tari ka tashi ka kashe firiji da ayan, tausayi yana cin ƙarfi shi yasa yake cikin abin da ake fara kashewa. Mu nas-nas mun san wannan sosai, ranar da na ji mara lafiya yana kirana na yi kamar ban ji ba na san na kai bango.

Abin da zai faranta maka, abin yana gyaruwa. A 2009 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka kan ɗaliban likitanci da suka yi wata guda suna fama da shirin babbar jarabawa, hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sadarwar ɓangaren goshin nan ta yi rauni kuma sun rage iya juya hankali daga wani abu zuwa wani, da aka sake duba su wata ɗaya bayan jarabawa sai aka ga sun dawo daidai da sauran mutane.

Abin da zan ce ka fara da shi ƙanana ne. Ka canza ƙarar guruf ɗin ofis ta bambanta da ta kowa, in ya so maigadi ya daina firgita da saƙon burodi, kuma daga tara na dare ka sa shi shiru ka bar wayar a falo. In faɗuwar gaban ta zo, ja numfashi ta hanci sannan ka sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, kamar sau shida, don bugun zuciya yana raguwa ne lokacin fitar da numfashi, can ne jijiyar da ke taka wa jiki birki take aiki. Sannan kafin ka kwanta ka ɗauki biro da takarda ka rubuta duk abin da ke jiranka gobe, ƙwaƙwalwa tana ta nanata abu ne don tsoron kar a manta, in ta ga an rubuta tana ɗan sassautawa.

Ɗan_Kwari:

Anti Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru wallahi, amma ki yi haƙuri zan ɗan saɓa. Numfashi baya cika taget. Ni na yi aikin nan shekara tara kafin in dawo kasuwa, kuma har semina aka taɓa kawo mana wani mai kwat ya koya mana jan numfashi da murmushi, aka bamu mitfai da lemo, washegari aka ƙara mana taget. Tun daga ranar in na ji ana cewa ma'aikaci ya koyi sarrafa damuwarsa sai in ji kamar an ɗora wa jaki buhu goma ana koya masa yadda zai daidaita tafiya.

Ni sai da na yanke jiki na faɗi a banɗakin ofis, aka auna jinina ya haura 170, ina da shekara 34 lokacin. Ina kwance ana min ƙarin ruwa wani ya kira yana tambayar fayil ɗin wani kwastoma, ko sannu bai fara da ita ba. A gadon nan na yanke shawara.

Ga abin mamakin da har yau nake tunani, yanzu a kasuwa awannin da nake yi basu kasa na banki ba, ga zafi ga cinkoso ga masu cin bashi, dala ta tashi ka rasa yadda za ka sa wa yadi kuɗi, amma ina kwanciya sai asuba. Bambancin kawai ni ke rufe shagona. In na ga dama bayan azahar in miƙe a kan dila in ɗan runtsa ba mai kiran sunana a mitin.

Baban Ummi ban ce ka ajiye aiki gobe ba, a wannan marrar da litar mai da kuɗin makaranta suke inda suke wanda ya ce maka haka ba masoyinka ba ne, gaba kura ce baya sayaki. Ni shekara biyu na yi ina shiri, na shiga adashi, na dinga zama shagon yayana duk ranar da na samu, sai da na ga ƙafata ta taka ƙasa sannan na miƙa takarda. Kuma abin da na lura, tun ranar da na fara shirin tsawar oga ta rage min zafi, don na san akwai ƙofa.

Anti_Nas:

Alhaji ai baka saɓa min ba, ƙarasa min ka yi, kuma maganar jakin nan zan ara in kai mitin ɗinmu. Abin da ka faɗa na "ni ke rufe shagona" shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. A Ingila an yi wani dogon bincike kan ma'aikatan gwamnati da ake kira Whitehall, na farko an fara shi 1967, na biyu 1985 ƙarƙashin Michael Marmot da mutum sama da 10,000. Kowa ya zaci manyan da ke ɗauke da nauyin yanke hukunci su za su fi ciwon zuciya, sai aka ga akasin haka, duk yadda mutum yake ƙasa a matsayi haka haɗarinsa yake ƙaruwa, kuma rashin ta-cewa a kan aikinka yana cikin abin da ya bayyana hakan. Yawan aiki da wuya, amma yawan aiki haɗe da ba ka da iko a kan komai shi ne dafin.

Rashin tabbas ma haka. A 2016 a Landan an sa mutane wani wasan kwamfuta suna ɗaga duwatsu, in akwai maciji a ƙasa sai a ɗan ja su da lantarki a hannu. Hankalinsu yafi tashi lokacin da abin yake rabi da rabi, fiye da lokacin da suka tabbatar za a ja su. To ka auna ɗan kwantiragi da shekara shida bai san ko za a sabunta masa ba, kullum dutse yake ɗagawa.

Kuma awannin kansu ba wasa ba ne, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu alaƙa da aikin awa 55 ko fiye a sati, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari in aka kwatanta da mai awa 35 zuwa 40. Baban Ummi lissafa naka, daga bakwai da rabi zuwa bayan magariba kwana biyar ka riga ka taɓa wajen tun kafin a sa Asabar. Numfashin da na ce don ka samu ka iya tunani ne, da tunanin za ka nemi ƙofar da Alhaji yake faɗa.

Maman_Biyu:

Ni a ofishin kula da ma'aikata nake, ba banki ba dai, kar a jefe ni lol. Tambaya ɗaya, yaushe rabonka da hutun shekara? Don na san irinku, sai a ce ku cike fom ku ce sai an rufe wata, wata kuma baya ƙarewa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta sa mafi ƙarancin hutu kwana 6 na aiki da cikakken albashi bayan wata 12, amma ku ma'aikatan ofis takardar ɗaukar aikinku ce abin dubawa, ka nemo ta ka karanta, in ta hannun kamfanin da ya kawo ku ne su za ka rubutawa. Ka nema a rubuce ta imel ba da baki a koridor ba, kuma in likita ya baka takardar hutu ka haɗa da ita.

In za ka yi wa oga magana kar ka shiga da "na gaji", wallahi abin da zai ji shi ne wannan ya kusa zama matsala. Ka shiga da lissafi, yallaɓai ga abu biyar a hannuna wanne kake so in fara gamawa kafin Laraba. Ka mayar masa da zaɓin, kai kuma ka samu abu ɗaya da ka san kansa da gindinsa. Wasu ogannin fa su ma wani ne ke taka su daga sama, ba wai ina kare su ba.

Sannan dan Allah ka ba Ummi haƙuri, yara suna riƙewa.

Baban_Ummi:

Na gode ƙwarai, wallahi ina karantawa sai da na fita waje na share ido. Maman Biyu rabona da hutu tun haihuwar ƙanin Ummi, yanzu yana gudu. Anti tambaya ɗaya, tashin ƙarfe ukun nan fa? Kuma in na bar Nescafe ai ba zan iya kai la'asar ba.

Anti_Nas:

To ai su biyun a haɗe suke. Tun da ka farka da safe wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne nauyin barcin da kake ji da dare. Sinadarin kafeyin da ke cikin Nescafe da shayi da goro da lemon kuzarin nan baya ƙara maka ƙarfi ko kaɗan, zuwa yake ya toshe inda adinosin ke zama don kar ka ji gajiyar, bashi ne kake ci. Kuma yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato abin da ka sha shida na yamma rabinsa yana nan sha ɗayan dare, za ka iya yin barcin don gajiya amma mara nauyi. Shi kuma kotizol dama can a tsarinsa yana ƙasa da tsakar dare, ya fara hawa kafin asuba don ya shirya ka tashi, to mai barci sama-sama da damuwa a ka abu kaɗan ne zai farkar da shi a wannan lokacin, kuma da ya farka maigadi ne a farke maigida bai gama tashi ba, shi yasa matsalar da za ka warware cikin minti goma da rana take zama dutse ƙarfe uku.

Ga kuma inda abin yake zagayowa, a 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa sun hana mutane barci kusan awa 35 suka nuna musu hotuna masu tayar da hankali, amigdalarsu ta yi zafi da kusan kashi 60 cikin ɗari fiye da ta waɗanda suka yi barci. Rashin barci yana ƙara wa maigadi firgici, firgici ya hana barci, kai kuma ka ƙara kofi.

Kar ka yanke lokaci ɗaya, ciwon kai zai sa ka koma. Ka ci gaba da na safe, ka cire na yamma da lemon tukuna, daga azahar kar ka sha abu mai kafeyin. In ka samu minti ashirin bayan sallar azahar ko a mota ne ka yi ƙailula, kar ta wuce haka don in ka nutsa za ka tashi kanka yayi nauyi. In ka farka da dare ka wuce minti ashirin kana juyi, tashi ka yi alwala ka yi nafila ko ka zauna a duhu-duhu har barcin ya dawo, ban da waya. Da tafiyar ƙafa ko ta minti talatin ce, jikin da aka shirya wa gudu yana son a yi gudun.

Amma maganar Malam Abu Hanifa ita ce gaba, ka ga likita a auna jininka da suga da yawan jini da maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna kawo irin wannan gajiyar, kuma gwajin taifod ɗin nan na Widal yana yawan nuna akwai alhali babu. Sannan ka faɗa masa maganar tashin dare da bushewar zuciya kar ka ɓoye, don farkawa da wuri haka tana cikin alamomin ciwon damuwa mai tsanani, wanda shi cuta ne kuma yana da magani. Yadda muke ɗan rarrabewa, banawut yana sassautawa in ka yi nesa da aiki, shi kuwa wancan yana binka har gidan biki, abin da kake so da duk ya fita a ranka. In ka kai sati biyu a haka, ko ka fara jin gara ma ba ka raye, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ka je. Kuna da ɓangaren larurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ga kuma asibitin Dawanau, na Kaduna akwai Barnawa, Sakkwato akwai Kware. Kuma dan Allah duk wanda ya miƙo maka tiramol ko ƙwayar barci a ofis wai don ka ji ƙarfi ka ce ka gode, da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a gadajenmu da haka suka fara.

Baban_Ummi:

Na dawo in faɗa muku inda aka kwana, sati uku kenan. Na je asibiti, jinina 150 bisa 95, likita ya ce in dinga aunawa in dawo bayan sati biyu kafin ya yanke maganar magani, suga lafiya, kuma babu wani taifod. Ya tura ni in ga na ɓangaren su Anti, ranar Alhamis mai zuwa ne, ban faɗa wa Hajiya wannan ba tukuna.

Hutu na rubuta kwana goma aka bani biyar, na karɓa. Kwana biyun farko barci kawai na yi kamar an doke ni. Guruf yana shiru daga tara, oga yayi magana sau ɗaya na ce yallaɓai wayar tana caji a falo, ya kalle ni kawai. Taget yana nan yadda yake, wannan watan ma da wuya in cika, kuma jiya ma na farka ƙarfe uku sai dai na koma kafin huɗu. Lemon yamma na bari, Nescafe saura ɗaya da rabi, rabin nan ya ƙi tafiya.

Alhaji Ɗan Kwari na turo maka saƙo ta ciki kan maganar adashin, ina da wani ƙani da ke sayar da kayan waya a Farm Centre ina so in ji yadda kuka tsara da yayanka. Ummi kuma na bata haƙuri, ta ce ta yafe amma sai na kai ta gidan zoo ranar Asabar, to in an kira aiki ban san me zan ce musu ba.